Ƙofar Baffa

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma abin da idona ya gani, masu tabarau ba su karanta rabinsa ba. Sau biyu wuta na cinye mini rumfa. Sau ɗaya likita ya ce a kira dangina mu yi sallama; yau likitan yana ƙasa, ni ina nan ina shan iska. Saboda haka in na ce na ga zalunci, to zalunci ne. Wannan a layinmu aka yi shi, da rana tsaka, kuma waɗanda suka yi shi har gobe suna durƙusawa in za su gaida babba.

Kwana tara da rasuwar mai shagon kafinta na bakin kwana, ƙanensa ya tashi da sassafe ya buɗe shago, kamar yadda ya saba shekara arba'in da ɗaya. 'Ya'yan marigayin Baffa suke ce masa, sai layin duka ya ɗauka. Shi kuma bai taɓa kiran marigayin da komai ba sai Yaya. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, inji ya ci yatsunsa biyu na hagu, kuma ba ka ganinsa babu fensir a bayan kunne. Fensirin nan bai taɓa rubuta harafi ba. Layi kawai yake ja a kan katako, amma in ya ja, zarto ba ya kuskure.

Ya share garin katako, ya zuba wa injin yanka mai, ya kunna. Yana cikin yanka ƙafar teburi sai ga babban ɗan marigayin, wanda tun yana yaro ake ce wa Manaja saboda son ba da umarni. Ƙanensa Auta na biye da shi, da wani dogon lauya riƙe da jaka.

"Baffa, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ka matsa daga nan, garin katako zai ɓata maka takalmin ofis."

"A ɗan kashe injin, Baffa. Za a rubuta kaya saboda rabon gado."

Baffa ya kashe, har da jin daɗi. Shi ya riƙa zagayawa da lauya yana nuna masa komai. Wannan injin gogewar, in ji shi, mu bakwai muka sauke shi daga mota, ni na ɗauki gefen da ya fi nauyi. Wannan bencin ya girmi Manaja. Rubuta zarto goma sha ɗaya, ba goma ba, akwai guda a bayan kabad. Lauya na rubutawa, Auta na ɗaukar hoto da waya.

Da aka gama, Baffa ya kakkaɓe hannu ya ce, "To madalla. Rabin Yaya ku raba yadda ya dace, kada wanda ya cuci wani. Rabina kuwa ku bar shi inda yake, ba inda zan kai shi."

Manaja ya dubi lauya, lauya ya dubi takarda.

"Baba, rabinka na me?" in ji lauya.

"Na shagon mana. Ni da Yaya muka kafa shi. Shi ke fita neman aiki da biyan haraji, ni ke yin aikin. Aljihunmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya."

"Takardar fili sunan marigayi ne. Rajistar shago sunansa ne. Rasiɗan injina ma haka. Akwai wata takarda a hannunka?"

Baffa ya yi dariya, don a zatonsa wasa ne. "Manaja, gaya masa."

Manaja ya ce, "Za mu zauna, Baffa. Ba maganar tsaye ba ce."

Takarda kam an taɓa yi. Shekara goma sha biyu kafin nan, Yaya ya tashi daga wata doguwar jinya, ya zo shago da takarda mai shafi biyu da ya sa aka buga, wadda ta ce shago da fili da injina rabi-rabi ne tsakaninsu. Ya ce Baffa ya dangwala yatsa, a kira shaidu. Baffa ya ji kamar an mare shi. Ya ce, "Ni da kai sai takarda? Nono ɗaya muka sha. Yaran nan a kafaɗata suka yi fitsari." Ya yaga ta biyu, ya goge gam ɗin hannunsa da ita, ya jefa cikin garin katako. Mako guda yana ba da labarin a layi, mutane na yaba masa. Ni ma na yaba. A shekara tamanin da na yi, kurakuraina ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, amma wannan na ciki.

Zaman da Manaja ya ce za a yi bai zo ba sai bayan mako uku. Kafin nan Baffa ya shiga cikin gida wurin matar marigayin. Ya same ta a tsakar gida tana tsince wake a faranti.

"Matar Yaya, ke kin sani. A gabanki muka sayi fili."

"Na sani, Baffan yara. Ya sha faɗa mini da bakinsa." Ba ta ɗago kai ba. "Amma ni mace ce, ga rashi, ga ciwon ƙafa. Yara sun girma. In na sa baki sai su ce na fifita wani a kan cikina."

"Wani? Ni ne wani?"

"Ba haka nake nufi ba. Ka dai yi haƙuri, ba za su wulaƙanta ka ba."

Ya tare Auta a bakin ƙofa. Auta ne ya fi shaƙuwa da shi, shi ya yi masa motar katako mai tayar murfin kwalba yana ɗan shekara huɗu. Auta ya sosa ƙeya ya ce shi ƙarami ne, abin da manya suka yanke shi ke nan, kuma dama yana sauri.

Ranar zama, a falon marigayi aka yi, a kan kujerun da Baffa ya sassaƙa. Ya zo da shaida guda, wato ni, don sauran da suka san farkon shagon duk sun riga mu gidan gaskiya. Lauya ya tambaye ni ko ina wurin ranar da suka haɗa jari. Na ce a'a, amma ina wurin ranar da Yaya ya kawo takardar rabi-rabi.

"Ka karanta ta?"

"Ni ba na karatu, amma kunnena ya fi idonka."

"Me shi Baffan ya yi da ita?"

"Ya yaga."

"Wato ko an ba shi, bai karɓa ba ke nan." Ya rubuta. Na zo in taimaki mutum, sai bakina ya zama guduma a hannunsu.

Sai Manaja ya buɗe wani fayil a hankali, kamar mai jin nauyi, ya zaro takarda guda. "Baffa, wannan yatsanka ne?"

Baffa ya kai ta kusa da ido. Ya gane ta. Shekarar da yanar ido ta rufe masa gani, Yaya ya sa shi a tsarin kula da lafiya na ma'aikata don a yi masa aiki a asibiti. Ya dangwala yatsa yana raha, yana cewa ga shi yau ya zama ɗan boko.

"Nawa ne. Na aikin ido ne."

"A nan an rubuta: mai shago, sunan Baba. Ma'aikaci, sunanka. Ita kaɗai ce takardar da ke da sunanka a shagon nan." Manaja ya sassauta murya. "Ba ni na rubuta ba, Baffa. Ni ma haka na tarar. Kuma ka san ƙane ba ya gado in akwai 'ya'ya maza. Ba mu muka tsara ba. Akwai ƙannena mata, haƙƙinsu na wuyana. In na ba da abin da babu hujja, me zan ce musu?"

"Ba gado na zo nema ba. Nawa na zo in faɗa."

"Mun ji. Ba za mu manta da wahalarka ba."

Baffa ya tashi. A bakin ƙofa ya tsaya ya shafa hannun kujerar da Manaja ke zaune a kai, inda ya ga fenti ya fara tashi. Ya buɗe baki zai ce a kawo ta shago a gyara, sai ya fasa.

Daga nan abin ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan, kowanne da dalilinsa mai kyau. Aka karɓi makullin shago, wai don kada wani abu ya ɓata kafin rabo a zarge shi. Mutumin da ke buɗe ƙofa tun kafin a haifi Manaja ya koma zama a kan dutse da safe yana jiran Auta ya tashi daga barci. Aka ce kada ya karɓi sabon aiki, wai lissafi zai rikice. Wata mata ta zo da kujerar ɗanta mai shan inna, wadda Baffa ke ƙara wa tsawo duk shekara. Ya ce ta dawo wani lokaci, ya juya baya don kada ta ga fuskarsa. Kwanon abincin da ake kawo masa daga cikin gida sau uku ya koma sau biyu, ya koma in an tuna. Matar Yaya ta ce mai aikin ce ke mantuwa.

Bai gaya wa 'yarsa ba. Ita kaɗai ya haifa, tana aure can ƙarshen gari, mijinta direba ne, ɗakinsu biyu da 'ya'ya biyar. In ta kira shi a waya sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Wandonsa ya fara zamewa, ya huda sabon rami a bel da ƙusa.

Abin da ya rage masa shi ne ɗakinsa na bayan shago, inda yake kwana tun rasuwar matarsa. Ɗaki ne ƙarami mai taga ɗaya, amma ƙofarsa babu irinta a garin. Da katakon farko da suka saya shi da Yaya ya yi ta, baƙin katako mai nauyi. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, haƙori ya shiga haƙori, kuma tare da firam ɗinta ya yi ta. Ya sha cewa ɓarawon da zai karya ƙofar nan ba a haifi kakansa ba. In abin duniya ya ishe shi, sai ya shiga ya turo ta, ya ji ƙarar rufuwarta mai taushi, ya ce wa kansa har yanzu akwai inda yake da iko.

Wata na huɗu wani mai sayar da tayil ya zo da tef yana auna bango. Bai gaida Baffa ba, ya ɗauka maigadi ne. Da yamma Manaja ya zo ya zauna kusa da shi a benci, har da riƙe masa hannu.

"Baffa, sana'ar nan ta mutu. Kowa kayan waje yake saye. Ba wanda zai riƙe shagon a cikinmu. Mun sayar."

"Ni zan riƙe."

"Da wane ƙarfin? Ka huta mana, ka yi wa duniya aiki. Wallahi don kai ma muka yi." Ya saki hannun Baffa. "Sai dai akwai alfarma guda. Waɗanda suka sayi injina sun kasa kwance na yankan. Sun ce an ɗaure shi wani irin ɗauri."

Ni da a ce ni ne, da na ce su kwance da haƙoransu. Amma Baffa ya ga yadda suke dukan injin da guduma, ya kasa jurewa. Kwana biyu ya yi yana kwance shi, yana goge kowane ƙarfe da tsumma, yana naɗe ƙananan a jarida. Ya gaya wa sabon mai shi cewa in ya yi tari da safe kada a tilasta masa, a bar shi ya ɗumama. Mutumin ya ce to, yana danna waya. Da motar ta tashi, Baffa ya tsaya a tsakiyar shagon, babu komai sai alamun ƙafafun injina a siminti.

Ranar Talata ya je asibiti karɓar maganin ido. Ya dawo wajen azahar, ya tarar da kayansa a waje: katifa a naɗe, buhu biyu na tufafi, buta, da akwatin ƙarfen matarsa. An ɗaura sabon kwado mai sheƙi a ƙofar ɗakinsa. Manaja na tsaye da mai tayil, makulli a hannu.

"Baffa, mun neme ka ba ka nan. Mutumin nan gobe zai fara zuba kaya. Na yi magana da 'yarka, tana jiranka. Ai ya fi maka, ka samu mai kula da kai." Ya miƙo ambulan. "Ga wannan, ka sha ruwa a hanya."

Baffa bai dubi ambulan ɗin ba. Mutanen layi sun fara taruwa, mai walda da mai wanki da matan da ke dawowa daga kasuwa. Mai walda ya ce a ba shi minti ɗaya ya yanke kwadon. Baffa ya ɗaga masa hannu.

"Manaja, takardar kayan da aka rubuta tana wurinka?"

"Tana waya."

"Karanta mini. Ka san ni jahili ne."

Manaja ya dubi jama'a, ya ga ba dama. Ya karanta: injina uku, benci biyu, zarto goma sha ɗaya, kabad, katako, har tsintsiya.

"Akwai ƙofa?"

"Wace ƙofa? Ai ƙofa cikin gini take."

"Wannan ba a cikin gini take ba. Jingine take."

Ya buɗe akwatin matarsa ya ɗauko wata ƙaramar gudumar katako. Ya durƙusa a gindin ƙofar, ya lalubi wani wuri da yatsunsa ukun nan, ya buga sau biyu. Wani fegi, ɗan guntun katako mai tsini, ya faɗo. Ya koma ɗaya gefen, ya buga. Ya taka bulo ya cire biyu na sama. Shekara arba'in fegi huɗun nan ke riƙe da ita, kuma daga shi sai Yaya suka san inda suke. Ƙofar ta taso gaba ɗaya da firam ɗinta, kwadon Manaja na rataye a jiki, a kulle. Ni na tare gefe ɗaya da tsufana, mai walda ya kama ɗayan, muka kwantar da ita a kan kurar wani mai dako.

Mai tayil ya fara cewa shi da ƙofa ya saya. Manaja ya dubi ɗakin da ya zama rami a bango, ya dubi makullin da ke hannunsa, ya dubi mutane. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ku bar masa. Tsohon katako ne."

Wannan maganar ta fi kwadon zafi. Na ga kafaɗar Baffa ta motsa, amma bai waiwaya ba. Ya bi bayan kura a ƙafa, hannunsa ɗaya a kan ƙofar don kada ta zame. Auta na leƙe ta tagar bene. Matar Yaya ta aiko a ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Yanzu shagon fari fat yake da tayil, da fitilu ko da rana. Manaja ya yi sabuwar mota, in ya gan ni sai ya rage gudu ya gaishe ni, ya tambayi lafiyar Baffa. Bai taɓa zuwa ba. Yana da takarda, kuma takardar ba ta yi ƙarya a gaban hukuma ba. Amma shi ya san wanda ya yi kujerar da yake zama a kai, uwarsa ta sani, Auta ya sani. Ba su saci komai ba. Sun dai tsaya a bayan takarda har tsoho ya fita da ƙafarsa. Marigayin ma ban wanke shi ba. Mutum ya ga mutuwa da idonsa, ƙanensa ya yi masa fushin banza, sai ya naɗe hannu shekara goma sha biyu? Da ya je shi kaɗai ya rubuta a gaban shaidu, ya ajiye, wa zai hana shi? Kunya ya ji. Kunyar rana ɗaya suka guje wa, su biyun, ta dawo ta cinye shekara arba'in da ɗaya.

Na je duba Baffa bayan wata biyu. A ɗan lungun da ke tsakanin ɗakin 'yarsa da kicin aka sa shi. Babu bangon da ƙofar za ta shiga, sai suka ɗora ta a kan bulo shida, aka shimfiɗa katifa. A kanta yake kwana. Kwadon na nan ta wajen ƙafa, in ya juya sai ya yi ƙara. Ya rame, muryarsa ta shige ciki.

Ya ce, "Gara da ka zo. Ina neman shaida na biyu." Ya kira mijin 'yarsa, ya sa muka ɗage katifar. Ya zaro fensirin daga bayan kunne ya miƙa wa 'yar.

"Baba, me kuma za a auna?"

"Ba awo ba ne. Rubuta. A nan, jikin katakon."

"In rubuta me?"

"Ki ce ƙofar nan tawa ce, ni na yi ta. Bayan raina taki ce."

Ta yi dariya, hawaye na zubo mata. "Haba Baba. Ni da kai sai an rubuta? Wa zai yi jayayya da ni a kan ƙofa?"

Ya daɗe yana kallonta.

"Haka na ce wa Yaya," in ji shi. "Rubuta."

Ta rubuta. Ya tsoma babban yatsansa a ragowar baƙin fenti ya dangwala a ƙasan rubutun. Mijin ya sa hannu. Ni ma na dangwala nawa a gefe, kuma ko lauya ya zo ya duba, ba zai ce bai fito sosai ba.